Inda Nake Ɗaure Koyil a Tsohuwar Mota

Garejina a Kaduna yake, ni da yara huɗu, kuma yawancin aikinmu wayar tsofaffin motoci ne: Peugeot 404 da 504, sai Volkswagen Beetle jefi-jefi. A Kakuri, nan Kaduna, aka riƙa harhaɗa 504, shi ya sa har gobe akwai masu riƙe da ita kamar ɗan da suka haifa.

Kwanakin baya wani dattijo ya kawo mini tasa. Ya ce, "Malam, da safe lafiya lau take tashi, amma kafin in kai Zariya sai ta fara tari, ta mutu. In na ba ta rabin awa sai ta sake kamawa." Koyil, wato abin da ke samar wa filogi wuta, har uku aka canza masa. Da na ɗaga bonet sai na ga wani tsumma a naɗe jikin koyil ɗin, ya bushe ƙamas, gefensa har ya soma ƙonewa. Ashe jiƙa shi yake yi da ruwan buta duk inda ta tsaya. Wanda ya yi masa aiki a baya ya kwantar da koyil ɗin dab da inda salansa ke fitowa daga inji, tazarar ba ta kai taƙi ɗaya ba.

Na ce, "Alhaji, ba kayan ne jabu ba, mazauninsu ne ba daidai ba."

Aikin koyil shi ne ya karɓi wutar batir mai bolt 12 ya ɗaga ta zuwa wajen dubu 20, ya miƙa wa dilko, dilko ya raba wa filogi. Wannan aikin kaɗai yana sa shi ɗumi. In ka ƙara masa da zafin salansa a rana irin ta watan Afrilu, siririyar wayar da ke naɗe a cikinsa ba za ta jure ba, wuta ta yi rauni. Girgizar inji kuma tana kwance kawunan waya a hankali.

Saboda haka ni jikin bodi nake nema, ɓangaren da babu salansa, inda iska ke ratsawa amma ruwan sama ba ya fantsama. Koyil ɗin da ke da mai a ciki a tsaye nake ɗaure shi, kai sama, don man ya rufe wayar kuma kada ya yoyo. Sai dai ba na yin nisa da dilko, domin wayar tsakiya da ke haɗa su, in ta yi tsawo, tana gogar ƙarfe, wuta ta riƙa zurarewa. Beetle kam ba na taɓa mata wuri. A jikin murfin fanka kamfani ya sa shi, nan nake barinsa.

Abin da nake nanata wa yarana kullum: a kawunan koyil, mai lamba 15 na wayar makulli ne, mai lamba 1 na wayar dilko. Kuma a auna koyil kafin a ɗaura. Mai om 3 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta) yana shan wutar batir kai tsaye, mai om 1.5 kuwa sai da balas, wato abin da ke rage masa wutar, in ba haka ba ko ina ka ajiye shi zai dahu.

A motar Alhaji, ramuka biyu muka huda a jikin bodi, muka kankare fenti, muka ɗaure tsohon koyil ɗinsa na farko da ya zo da shi a leda. Bayan sati biyu ya kira ni daga Funtuwa, injin na kunne ina jin ƙararsa ta waya.