Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ni da Bahago a Monastir

Makon jiya na tsayar da labarin a inda aka yi waje da ni tun a wasan share fage na gasar tanis, a birnin Monastir na ƙasar Tunisiya, cikin shekarar 2022. Wani yaro da gemu bai ma fito masa ba ya gama da ni cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado ina lissafi. A ƙananan gasannin hukumar tanis ta duniya, ITF, waɗanda ake kira M15, ɗan wasa shi ke biya wa kansa jirgi da otal, har da ɗaurin igiyar raket. Dala 15,000 ce kuɗin gasar gaba ɗaya, ita ake yayyankawa. Wanda aka cire a share fage ko sisi ba ya gani.

Ƙofa ɗaya ta rage mini, wato wasan 'yan bibbiyu. A lokacin raina shi nake yi, ina ganin wasan waɗanda ƙafa ta gaza ne.

A jikin ƙofar ofishin gasa akwai wata takarda da masu neman abokin wasa ke rubuta suna da lambar waya. Gurbi 16 ne kacal, kuma haɗa matsayinku biyu a jadawalin duniya ake yi kafin a ga ko kun shiga. Saboda haka kowa so yake ya jingina da wanda ya fi shi. Ni da 'yan makina da ba su taka kara sun karya ba, sunana ya wuni a takardar nan babu wanda ya kira. Sai gab da rufe rajista wani dogon mutum daga Kudancin Amurka ya tsaya a kaina. Abokin wasansa ya gurɗe ƙafa. Bahago ne, kuma da haka zan riƙa kiransa. Ba ma jin yaren juna sai 'yan kalmomin fili, amma ya yi mini tambaya biyu na gane su sarai.

"Wane gefe kake karɓar sabis?"

Na ce dama.

"Za ka tsaya har Asabar?"

Tambayar tana da dalili. Da yawa suna shiga 'yan bibbiyu ne don su ɗumama hannu. Da an cire mutum a wasan ɗai-ɗai ranar Laraba, sai ciwon baya ya taso masa ba zato, ya janye, ya kama jirgi zuwa Antalya ta Turkiyya ko Sharm El Sheikh ta Masar inda wata gasar ke jira. Abokinsa kuwa ko oho. Na dafa ƙirji na ce ina nan.

Wasanmu na farko na sha kunya. Filin 'yan bibbiyu faɗinsa mita 10.97 ne, na ɗai-ɗai kuwa 8.23, amma ba faɗin ne ya dame ni ba, tsayuwa a bakin raga ce. Ni ɗan layin baya ne tun tasowata. Bahago ya koya mini alamu cikin minti biyar: in yana sabis, ni ina gaba, sai in kai hannu bayana. Dunƙule hannu na nufin ina nan a gefena, buɗe tafi na nufin zan tsallaka in tare ƙwallo, shi kuma ya rufe inda na bari. A gem na uku, wato ƙaramin zagaye na uku, na dunƙule hannu, sannan ƙafata ta yi gaban kanta na tsallaka. Duk mu biyun muka taru a gefe ɗaya, aka zura ƙwallo ta inda babu kowa. Bai ce uffan ba. Ya zo ya kama hannuna, ya dunƙule shi da nasa, ya nuna mini ƙasa. Har yau in na dunƙule hannu a fili sai na ji ƙafafuna sun kafe.

Tsarin ƙirgen ma wani abu ne. Tun 2006 aka gajarta wasan 'yan bibbiyu a gasannin ATP, ƙungiyar ƙwararrun 'yan tanis maza, ƙananan gasanni ma haka suke yi. In aka kai 40-40, wato kowane ɓangare ya ci maki uku a gem, babu ja-in-ja, maki ɗaya ne ke raba gardama, kuma masu karɓa su ke zaɓen wanda za a buga wa. In kowa ya ci set ɗaya, wato babban zagaye mai tarin gem, babu set na uku, sai tseren zuwa maki 10 da ratar biyu. Manya suna ƙorafin cewa wannan caca ce. Ni kam ban ga laifinsa ba, domin a dogon wasa mai ƙarfi ne ke rinjaye, a gajere kuwa ko ni ina da rabo.

'Yan kallo? Alƙali ɗaya a kan kujerarsa, da wasu baƙin otal biyu da suka biyo hanya da tawul a wuya. Mu ke tsintar ƙwallayenmu. Duk da haka muka ci wasan farko, muka ci na biyu. Bayan na biyun Bahago ya nuna kansa ya ce "Bob", ya nuna ni ya ce "Mike". Tagwayen Amurka yake nufi, 'yan gidan Bryan, ɗaya bahago ɗaya mai dama, da suka ɗauki kofi 119 tare. Muka yi ta dariya, mu da ko ɗaya ba mu da shi.

Ranar Juma'a, a wasan kusa da na ƙarshe, tseren goma ya kai 9-8, mu ke gaba, Bahago ke sabis. Na kai hannu baya, tafina duk gumi, na buɗe shi. Na ji ya ce "to" ƙasa-ƙasa. Ƙarar raket ɗinsa na tashi na tsallaka, ƙwallon ta zo mini daidai ƙirji, na dunƙufe ta tsakanin ƙafafun na gabana. A ranar na fara zargin cewa shekara da shekaru a gurbin da ba nawa ba nake tsaye.

Da dare na sake lissafi. Kofin 'yan bibbiyu dala 930 ne, a raba biyu, kafin a cire haraji. Sai maki 15 na jadawalin duniya. Kuɗin ba zai rufe ramin makon ba, amma makin zai sa a daina tsallake sunana a takardar ƙofa. Shi kuwa Bahago yana nan a wasan ɗai-ɗai, ya kai kusa da na ƙarshe, inda zakara ke tafiya da dala 2,160 shi kaɗai. Wasansa da safe, namu bayan ya huta.

Wajen ƙarfe goma aka ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, da ledar ƙanƙara ɗaure a kafaɗar hagu, ruwa na ɗiga a rigarsa. Bai shigo ba, bai kuma kalle ni ba.

"Ɗan'uwa," in ji shi, "gobe... wasa biyu..." Ya girgiza kai.

Na ce, "Kai ka tambaye ni ko zan tsaya har Asabar."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗaga hannun dama, ya dunƙule, ya buɗe, ya sake dunƙulewa, ya juya ya tafi.

Mu haɗu mako mai zuwa.