Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar Farko a Kantin Kwari

Makon jiya mun tsaya ne a inda na miƙa kaki da kwalkwali, na kwaso iyali daga Kainji muka dawo Kano. Kuɗin sallama ba su yi wata shida ba suka bi ruwa, rabi a rufin gida, rabi a kuɗin makarantar yara. Ina zaune ina karanta jarida har da tallace-tallacen cikinta, sai wani abokina da muka yi NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, tare a Kaduna ya kai ni wani kamfanin inshora. Lokacin ba a daɗe da kafa NAICOM, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, ba, wadda aka kafa a 1997, kamfanonin kuma duk idonsu na kan Arewa, suna neman wanda zai shigar musu kasuwa. Albashi babu sai kamasho. Manaja ya ce ai tsohon soja ba ya buƙatar gabatarwa, na yarda da shi, don a lokacin ban san Kwari ba.

Ni da na tashi jirgin koyon tuƙi Bulldog a Kaduna, na tashi L-29 a nan Kano, na kai jirgin yaƙi Alpha Jet har sararin Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, sai ga ni ranar wata Litinin ina rakuɓe wa 'yan dako, jaka a hammata, ana ta "hanya! hanya!" a kaina da dilolin atamfa.

Shagon wani dattijo na nufa, aminin marigayi mahaifina. Shadda da leshi jibge har rufi, a can sama kuma wayoyin lantarki sun cuɗe kamar taliya, wata ma an naɗe ta da leda. Idona can ya fara zuwa. Wanda ya saba zagaye jirgi kafin ya hau, yana leƙa taya yana shafa fiffike ko mai na ɗiga, ba ya daina wannan ɗabi'ar.

Na durƙusa na gaishe shi, ya sa aka kawo mini fura. Da na gama bayanin inshorar gobara sai ya ce, "To ɗana, in shekara ta zagayo wuta ba ta tashi ba, za ku dawo mini da kuɗina?"

Na ce, "A'a, Baba."

"In kuma ta tashi, ku ba ni abin da ya ninka nawa sau ɗari. Meye sunan wannan in ba caca ba?"

Na riga na shirya wa wannan. Na jawo hadisin nan na ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Dariya ya yi har da tafa hannu, ya ce ni ne na huɗu da na kawo masa raƙumin nan. Ya nuna mini kwaɗo uku a ƙofa, ya ce ga maigadi, ga zakka yana fitarwa duk shekara, raƙuminsa a ɗaure yake tamau. Yau da nake rubuta wannan akwai takaful, inda ake zuba kuɗin a matsayin gudummawa, in an yi rara a raba. Amma sai a 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa. A ranar ba ni da amsa, kuma gaskiya tambayarsa ta fi bayanina ƙarfi.

Sai ya sauya zance. Ya ce ya ji wai muna tashi da laima a jikin kujera. Na ce haka ne, akwai hannu a tsakanin cinyoyi, in jirgi ya ƙi sai ka ja, kujerar ta harba ka sama. Kafin a tashi ana zare ƙusar da ke kulle ta, ka gan ta da idonka.

"Ka taɓa ja?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"Wa ke naɗe laimar?"

Na ce wani sajan ne. Ya ce na san shi? Na ce sani kai, ranar sunan ɗansa har rago na kai masa, kuma duk laimar da ya naɗe sai ya sa hannu a kati.

Ya gyara zama. "Madalla. To su wa ke naɗe ta kamfanin naku?"

Su suna can Legas. Ko sunan mutum ɗaya ban sani ba. Ya ba ni labarin maƙwabcinsa da sito ya ƙone, ya yi ta sintiri da takardu, ƙarshe aka nuna masa wani layi da ƙananan baƙaƙe a bayan takarda, aka ce ba ya ciki.

Na tattara fom ɗina zan tashi, ya ce in dakata. Yana da tirela uku da ke ɗauko masa kaya daga Legas, doka kuma ta tilasta inshorar mota, 'yan sanda na damun direbobinsa a hanya. Da ma a bakin ofishin lasisi yake sayen takardar, bai san ta gaske ce ko ta bogi ba. Ya ce, "Wannan dai dole ce, gara in ba ɗan gida. Amma ka ji, ni ban san kamfani ba, kai na sani."

Kamashon da na samu bai wuce kuɗin cefanen mako ba. Uwargida ta ƙirga ta kalle ni, ba ta ce komai ba.

Ana cikin damina, wani dare wajen ƙarfe biyu, aka buga mini ƙofa. Yaron shagon Baba ne, jiƙe sharkaf. Ɗaya daga cikin tirelolin ta kife tsakanin Jebba da Mokwa, ta danne motar wani. Yadda na kwashe da mutanen Legas a kan wannan diyya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.