Yadda muka mayar da ganye cikin tukunyarmu bayan mun koma bayan gari

A shekarar 2023 muka tashi daga cikin birnin Kano muka koma wata sabuwar unguwa a ƙaramar hukumar Kumbotso, kuma ba mu yi wata biyu ba na lura miyarmu ta sauya kama. Shagunan unguwar cike suke da taliya da biskit da lemon kwalba, amma mai kayan miya ɗaya ne tak, tumatirinsa kuma kashi-kashi yake sayarwa da tsada, sau da yawa ya riga ya yi laushi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, Kura da Kadawa, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga, ba su da nisa da mu, amma sai kayan sun shiga gari sun bi hannu uku ko huɗu kafin su dawo mana.

Zuwa 'Yankaba, babbar kasuwar kayan miya ta Kano, kowane mako bai yiwu ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar kuɗin adaidaita sahu ya kai ya cinye rangwamen da ake samu. Sai muka haɗa kai mu gida biyar, mutum ɗaya ya je ya sayo kwandon tumatir da buhun albasa da tattasai, a raba. A watan Fabrairu, lokacin da tumatir ke araha, muna ƙara kwando ɗaya mu yanka mu shanya, shi muke ci da damina idan ɗanye ya yi wuya. Karon farko a ƙasa muka shanya a kan tabarma, ƙura ta lalata kusan rabi, shi ya sa yanzu sai a kan rufin kwano bisa buhu mai tsabta.

Na kuma gwada shuka a buhunan siminti a tsakar gida. Tumatir ya ba ni kunya, domin yana shan ruwa sosai, mu kuwa a wurin 'yan ga-ruwa muke saye, ga tsutsa da ta cinye ganyen. Alayyahu da yakuwa da rama kuwa ruwan wankin shinkafa da na alwala ya ishe su. Zogale biyu da na dasa a jikin katanga yanzu sun fi ni tsawo, kuma sau biyu a mako uwargida take yin kwaɗonsu da ƙuli-ƙuli.