Bututun da ya mayar da ni ɗaliba

Na shekara da shekaru ina sa wa majinyata bututun abinci ta hanci, kuma yadda aka koya mini a makaranta haka nake tabbatar da ya sauka ciki: in zuƙi iska a sirinji, in tura ta cikin bututun, in ɗora abin sauraren ƙirji a kan cikin majinyaci. Da na ji ƙugi, shi ke nan, sai a fara ba da abinci. Hannuna ya saba har ba na tsayawa tunani.

Wani dare ina aiki da wata ɗaliba da aka turo ɗakinmu koyon aiki. Tana tsaye a gefena na yi wa wani dattijo da shanyewar ɓarin jiki ta hana shi haɗiya. Ba ta ce komai ba sai da muka bar gaban gadon, sannan ta rage murya ta ce, "Sista, ki yi haƙuri, mu an ce mana an daina dogaro da gwajin iska." Gaskiya raina bai so ba. Amma na ce ta kawo mini inda ta gani, kafin nan kada a ba shi komai ta bututun.

Ta kuwa kawo. Ashe tun 2005 hukumar kare majinyata ta Birtaniya ta yi gargaɗi a daina wannan gwaji. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙarar iska tana ratsa jiki, ko da bututun ya kauce ya faɗa huhu kunne zai iya jiyo ƙugin ta ciki. Wanda jikinsa ya yi rauni ko hankalinsa ya gushe ba lallai ya yi tarin da zai ankarar da ke ba. Sai ki zuba masa abinci a huhu da hannunki, kina ganin taimako kike yi. Abin da ya dace shi ne a zuƙo ruwan ciki a ɗiga kan takardar awon tsami. In ta nuna 5.5 ko ƙasa da haka, bututun yana ciki. In ruwan ya ƙi fitowa, ko lambar ta haura (hakan kan faru ga mai shan maganin rage tsamin ciki), sai a ɗauki hoton ƙirji.

Ranar ban iya barci ba, fuskokin waɗanda na yi wa gwajin iska suna ta dawo mini.

Da na fara tono sai ga wasu kurakuran irin wannan. Murza fatar da ta yi ja a kan ƙashi don hana gyambon kwanciya, wadda muka ɗauka kulawa ce, ƙara lalata naman wurin take yi.

A da ina ɗaukar bincike aikin masu manyan digiri ne. Kuskure ne. Florence Nightingale, ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya da ake yawan tunawa da fitilarta, lissafi ne babban makaminta. Ta isa asibitin soja na Scutari, a Turkiyya, a 1854 lokacin yaƙin Kirimiya, daga baya ta nuna da alƙaluma cewa cututtuka irin su taifot, kwalara da atuni sun fi raunin yaƙi kashe sojoji. Ƙirga abin da ke gabanta ta yi. Mu ma kullum muna rubutu, sai dai ba ma waiwayar abin da muka rubuta.

Shi ya sa muka ware littafi guda a ɗakinmu. Duk wanda aka kwantar muna auna haɗarin gyambonsa da ma'aunin Braden, wanda aka fitar a 1987, mai duba abu 6, ciki har da motsi, danshin fata da cin abinci. Muna rubuta lokacin da aka juya shi da wurin da fata ta fara canja launi. Da muka zauna muka duba, sai muka ga diddige muke mantawa, kuma juyin tsakar dare ne ya fi kuɓuce mana. Muka gyara rabon aikin dare, muka fara sa matashi ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya bar katifa.

Yanzu sau ɗaya a mako, bayan miƙa aiki da safe, mukan tsaya minti 10, wani ya kawo abu ɗaya da muke yi kullum ya tambayi hujjarsa. Ɗalibai nake fara ba dama, don su ne suka fi kusa da sabon karatu, su ne kuma suka fi jin nauyin magana. Makon jiya wani cikinsu ya tambayi dalilin da wasunmu ke ɗiga ruwan gishiri a bututun numfashi kafin zuƙe majina. Na ba shi aikin nemo amsar, Alhamis zai karanto mana.