Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Yadda Keken Lantarki Ya Zama Abin Hawana Zuwa Aiki

Masu bibiyar wannan tarihi, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya ne a inda likita ya duba sakamakon gwajin jinina, ya ce suga ya fara hawa, hawan jini ma yana bakin ƙofa, kuma in ban tashi tsaye na motsa jiki ba, magani ne zai biyo baya. Adadin da ya rubuta mini shi ne wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar wa manya: minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici. Na ce, "Likita, matsakaici kamar yaya?" Ya ce wanda zai ƙara mini saurin numfashi, ina iya magana amma ba zan iya rera waƙa ba.

A takarda minti 150 ba wani abu ba ne. Amma mai aikin ofis da ke fita da sassafe ya dawo da duhu ya san ba a aljihu ake samun wannan lokaci ba. Da na zauna na lissafa yinina, lokaci ɗaya ne kawai na ga yana tafiya a banza: wanda nake ɓatawa zaune cikin mota a cunkoso, safe da yamma. Keke na gama-gari ya zo mini a rai, sai dai hanyar da nisa, akwai doguwar hawa a tsakiya, kuma ba wurin wanka a inda nake aiki. Ba zan shiga taron safe riga jiƙe sharkaf da gumi ba. A nan ne keken lantarki ya shigo.

Wanda ya fara tsaya mini a gaba yayana ne. Ya zagaya keken, ya ƙwanƙwasa batirin, ya ce, "Kai, wannan ai babur ne. An ce ka motsa jiki, ka je ka sayo abin da zai motsa maka?" Na ce, "Yaya, hau ka ɗauke ƙafarka daga feda ka gani." Ya hau, ya tuƙa, ya tsayar da ƙafa, keken ya yi ta rage gudu har ya tsaya. Gani ya kori ji.

Irin nawa ba shi da totur. Akwai na'ura a gindin feda da ke auna ƙarfin da ƙafa ta sa, sai injin ya ƙara nasa a kai. Ka taka da ƙarfi ya ƙaro, ka sassauta ya sassauta, ka daina ya yi shiru. Kamfanin Yamaha ne ya fara fito da irin wannan keke kasuwa a Japan a 1993, yanzu kuma kamfanoni irin su Bosch da Shimano da Bafang duk suna ƙera injinsa. A dokar Tarayyar Turai, ƙarfin injin ba ya wuce wat 250, kuma da gudu ya kai kilomita 25 a awa yake janye taimakonsa. Abin da ya ƙaru bayan nan cinyarka ce. A Amurka an ba da dama har wat 750, akwai ma masu totur da ke tafiya ko ba ka taka ba. Duk mai neman lafiyar jiki, shawarata ya nemi wanda sai an taka.

Bari in tsaya a kan wannan hawa da na ambata, domin a nan na fahimci keken. Tun daga ƙasa nake rage giya, in danna maɓallin da ke kusa da babban yatsana na hagu, taimakon ya hau mataki ɗaya. Sai in ji wani ɗan siririn ƙara daga ƙarƙashina, keken ya yi sauƙi, kamar lokacin da ake koya wa yaro tuƙi, babba ya riƙe sirdi ta baya yana turawa. Amma ƙafafuna na aiki, ƙirjina na buɗewa, ina jin bugun zuciya a wuyana. Ina kaiwa sama da ɗumi a jiki, ba da haki irin na wanda zai faɗi ba. Abin da likita ya siffanta ke nan daidai: ina iya gaida mai wucewa, ba zan iya waƙa ba.

Da tafiya ta yi tafiya na tsara abin gida biyu. Da safe ina ɗaga taimakon, in isa ofis a bushe, a nutse. Da yamma kuwa ina sauke shi zuwa mafi ƙanƙanta, a shimfiɗaɗɗen wuri ma in kashe shi gaba ɗaya, tunda wanka na jirana a gida. Keken da nauyinsa ya haura kilo 20, in ka tuƙa shi ba inji, ba sai an gaya maka ka yi aiki ba.

Har yau akwai masu ce mini mai keken gama-gari ya fi ni wahala a kowace kilomita. Gaskiya ne, ban musa ba. Abin da nake cewa shi ne, injin bai ɗauke mini motsa jiki ba, uzuri ya ɗauke mini. Ranar da iska ke bugowa ta gaba, ranar da ban yi isasshen barci ba, ranar da gwiwa ke ɗan ciwo, duk ranakun da da keken gama-gari ne zan ce bari gobe, ina ƙara mataki ɗaya in fita. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda ya bi mutane a birane bakwai na Turai, ya gano masu keken lantarki sun fi yin doguwar tafiya, har jimillar motsa jikinsu a mako ta yi kusa da ta masu keken gama-gari. Kafin shi, a 2016, masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Boulder sun ba mutum 20 marasa motsa jiki irin wannan keke, suka riƙa zuwa aiki da shi na wata guda, aka ga ƙarfin numfashinsu da yadda jikinsu ke sarrafa suga sun inganta. Da na karanta wannan ban yi mamaki ba, don a jikina na riga na gani.

Barci ne ya fara gyaruwa. Daga baya na lura ina hawa benen ofis ba tare da na tsaya a tsakiya ba. Wanda ban zata ba shi ne na zuciya. Da can ɓacin ran ofis tare muke shiga mota, cunkoso ya ƙara masa wuta, in shigo gida fuska a murtuke. A kan keke ba ka da sararin saƙe-saƙe: ido na kan hanya, kunne na baya, ƙafa na juyawa. Uwargida ce ta fara faɗa. Ta ce, "Abban yara, kwanan nan da sallama mai daɗi kake shigowa." Da na koma asibiti, likita ya ga awon ya sauko, ya ce in ci gaba, in kuma haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, domin keke ƙafa ya fi amfana, hannu da kafaɗa ba sa samun rabonsu.

Ita uwargida tsoronta hanya ce, kuma tana da gaskiya. Direba yakan hango keke ya ɗauka a hankali yake tafe, sai ya yanko gabanka, alhali gudunka ya fi yadda ya zata. Don haka ba na fita ba hular kwano, fitilun gaba da baya a kunne suke ko da rana, kuma ina nisantar motocin da ke fake a gefen titi saboda ƙofar da za a iya buɗewa kwatsam. Nauyi da gudu suna cin birki da wuri, shi ya sa duk ƙarshen mako nake duba shi, in auna iskar taya, in sa wa sarƙa mai.

Batirin kuma na litiyam ne, yana son kula. Da cajarsa ta asali kaɗai nake sa masa wuta, ba na barinsa a jone in kwanta, ba na ajiye shi a rana domin zafi na rage masa kwana, kuma ba a bakin ƙofar fita nake cajinsa ba, saboda in irinsa ya kama da wuta kashe shi da wuya. Wannan batu ne ya haɗa ni da masu kula da ginin ofishinmu, ranar da wasu abokan aiki biyu suka zo da nasu kekunan, aka rasa inda za a ajiye su da inda za a yi caji. Yadda muka kwashe da su, da yadda aka kai ga ware mana wuri, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.