Minjirya a wajen ɗaurin aure

Asabar ɗin da ta wuce na tanƙwashe ƙafa a kan tabarma wajen ɗaurin auren ɗan yayata. Liman ya ja addu'a sosai. Ana shafa fatiha na yunƙura zan tashi, ƙafar hagu ta ce ba ta san zancen ba. Na dafa wani yaro, can sai minjirya ta kama ni, kamar ana tsira min allurai a tafin ƙafa.

Duk wanda ya fara ba wa abin nan sunan kifin da ke jan mutum kamar lantarki, ya dace, don jijiya da lantarki take aiki. Ba jijiyar jini nake nufi ba (mu dai komai jijiya ne), mai kai saƙo ƙwaƙwalwa nake nufi. Kowace ƙwayarta tana da dogon zare, wani daga ƙugu har babban yatsa, kusan mita ɗaya. Cajin cikin zaren yana ƙasa da na waje da kimanin milibolt 70 (milibolt ɗan ƙanƙanin ma'aunin ƙarfin lantarki ne). Da an taɓa shi sai ƙananan ƙofofi su buɗe, sodiyam, irin na cikin gishirin miya, ya ruga ciki, wani sinadarin, potasiyam, ya fice. Wannan ya tayar da ƙofar gaba, ita ma ta tayar da ta gabanta, kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Masana kimiyya biyu, Hodgkin da Huxley, ne suka fayyace haka a Ingila a 1952.

Wasu zaruruwan a naɗe suke da kitse kamar robar waya, saƙo yana tsalle daga gaɓa zuwa gaɓa, har mita 120 a daƙiƙa. Marasa rufi kuwa kamar mita ɗaya suke ci. Shi ya sa idan ka yi tuntuɓe za ka ji zafi nan take, sai daga baya raɗaɗin ya iso a hankali. A ƙarshen zaren akwai ɗan giɓi, nan sinadari ake fesawa ya ƙetara da saƙon.

Ni zaman da na yi ne ya danne jijiyar, ya rage mata jini, saƙo ya tsaya. Da na saki, sai zaruruwan suka farka suna harbi barkatai, ƙwaƙwalwa ta ɗauka allurai ne. Kafin in gama ɗingishi zuwa wajen rabon goro da alawa, farantin ya koma cikin gida.