Dalilin da ya sa muke huda girin a lokacin da ya fi kyau

Babu makon da muke shan harara a wurin aiki kamar makon huda girin. Girin shi ne ɗan dandalin nan mai laushi da ramin ƙwallo yake ciki, inda ake ƙarasa bugu a wasan golf. Jiya ɗan wasa ya bar shi sumul, yau ya dawo ya tarar da dubban ƙananan ramuka cike da yashi, ƙwallo tana tsalle maimakon ta gangara. Tambayar ba ta sauyawa: "Malam, me ya sami wurin nan? Ai lafiyarsa ƙalau!" Nakan ce, ranka ya daɗe, don lafiyar tasa ƙalau ne muka huda shi yanzu. Ba a cika gamsuwa da wannan amsa a tsaye ba, shi ya sa na ga gara in zauna in warware ta.

Sai an fara sanin irin ƙuncin da ciyawar girin take ciki. Muna aske ta a kan tsayin milimita 3 zuwa 4, kusan kowace asuba muddin tana girma. Ta tsakiyar fili tana samun milimita 10 zuwa 15, ta gefe kuwa har 50 ko fiye. Da ganye tsiro yake rayuwa, idan ka rage masa ganye saiwarsa ma gajarta take yi. A kan wannan 'yar ciyawar kowa zai taka, kuma sawun duk yana taruwa ne a kewayen rami ɗaya mai faɗin milimita 108, shi ya sa muke sauya wa ramin wuri a kai a kai. Ga nauyin injin yanka, ga na rola. A hankali ƙasa ta danƙare, iska ta daina shiga.

Akwai kuma abin da ɗan wasa ba ya gani. Tsofaffin saiwoyi da kara suna mutuwa a ƙarƙashin ganye, ba sa ruɓewa da saurin da sababbi suke fitowa, sai su taru su zama wata shimfiɗa kamar soso. Kaɗan daga cikinta ba laifi, tana kare tsiron daga takalmi. Idan ta yi kauri kuwa, ta riƙe ruwa a sama, saiwa ta ƙi nutsawa tunda ga ruwa kusa, cuta ta sami masauki. Girin na zamani galibi ana gina shi ne a kan tsarin da hukumar golf ta Amurka, USGA, ta fara fitarwa a 1960: bututun magudana a can ƙasa, tsakuwa santimita 10 a kansu, sannan cakuɗen yashi santimita 30. An yi duk wannan ne don ruwa ya wuce ba tare da ya kwanta ba. Amma 'yan santimita na waccan shimfiɗar a sama sun isa su mayar da aikin banza.

To, hudar ita ce maganin duka biyun. Injin yana da ƙarafa masu kogo, suna nutsewa santimita 7 zuwa 10, su zaro 'yan sandunan ƙasa su zubar a sama. Mu kwashe, mu baza yashi, mu bi da burushi har ramukan su cika. Yashin dole ya zama busasshe, domin jiƙaƙƙe a bakin rami yake kwanciya ya toshe shi. Dole kuma girman ƙwayarsa ya dace da wanda ke ƙasa. Ka zuba mai laushi a kan mai kauri, ka ƙirƙiro wa kanka wani layi da zai riƙa tare ruwa shekara da shekaru. Bayan 'yan makonni idan na yanko ƙasar da wuƙa, nakan ga fararen saiwoyi sun bi kowane rami sun nutsa. Da 'yan wasa za su yarda su durƙusa su kalli wannan, da gardamar ta ragu.

Zancen yashi ba sabo ba ne. Old Tom Morris, wanda ya riƙe filin St Andrews na Sikotland kusan shekara 40 har zuwa 1903, shi ake dangantawa da yaɗa al'adar baza yashi a kan girin, kuma ana ba da labarin cewa duk matsalar da mataimakinsa ya kawo masa, umarninsa ɗaya ne: a ƙara yashi. Har yau ba mu sami abin da ya fi shi ba, duk da cewa makanikenmu ya tsane shi, don babu abin da ke dakusar da wuƙar injin yanka kamarsa.

Inda ake samun saɓani shi ne lokaci. Rauni muke yi wa ciyawa, rauni kuma ba ya warkewa sai a jiki mai ƙarfi. Girin ɗinmu na ciyawar bent ne, mai son sanyi-sanyi, wadda ta fi girma tsakanin digiri 15 da 24. Saboda haka muna huda shi bayan hunturu ya janye, da kuma farkon kaka, wato daidai lokacin da ya fi kyau kuma kowa ya fi son wasa. A wannan lokacin mako biyu ya isa ramukan su rufe. Kwamitin gasa kullum so yake a ɗaga aikin zuwa ƙarshen kaka, bayan an gama rabon kofuna. Ni ban taɓa goyon bayan haka ba. Ƙasa ta riga ta yi sanyi, girma ya tsaya, ramukan su zauna a buɗe har hunturu, ciyawar Poa annua da ba a gayyace ta ba ta shigo ta mamaye. Masu ciyawar Bermuda lissafinsu a juye yake. Tasu zafi take so, digiri 27 zuwa 35, don haka a tsakiyar zafi suke nasu hudar. Da sanyi ya kama sai ta yi barci ta koma ruwan ƙasa, wasu filayen su shuka ciyawar rye a kanta don kore ya ɗore.

Tsakiyar zafi a wurinmu lokacin lallaɓawa ne. Ba ma neman girma, neman tsira muke. Taki kaɗan-kaɗan, wani lokacin mu ɗaga wuƙa da rabin milimita ba tare da mun sanar da kowa ba. Ruwa shi ne abin da aka fi kuskure a kansa, kuma yawansa ya fi kashe girin fiye da ƙarancinsa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana riƙe zafi, ta hana saiwa numfashi, idan dare ya yi ɗumi da laima kuma cutar pythium na iya cinye wuri kafin gari ya waye. Don haka famfunan feshi na dare ba su ne ke yin aikin ba. Mutum ne da tiyo da na'urar auna danshi, yana bin tudu-tudu yana ba wa wurin da ya nema kawai. Alamar ƙishi ita ce ciyawa ta yi shuɗi-shuɗi, ka taka ta sawunka ya ƙi tashi. Akwai kuma wuraren da yashi yakan ƙi shan ruwa sam, ka zuba ya gangare, sai an fesa maganin da ke sa ruwan ya ratsa. Raɓa ma muna kakkaɓe ta da doguwar sanda ko igiya tun da sassafe, domin ganyen da ya daɗe a jiƙe shi ne abin da funfunar nan mai fitar da ƙananan tabo masu launin kara take nema.

A daidai wannan lokacin ne kuma ake zuwa mana da zancen gudun ƙwallo a kan girin. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kwari da ake kira Stimpmeter, wanda Edward Stimpson ya ƙirƙira a 1935. Ana ɗaga shi ƙwallo ta gangaro, a auna ƙafa nawa ta yi tafiya. Amfaninsa shi ne girin 18 na fili ɗaya su daidaita da juna, amma ya zama abin alfahari tsakanin kulob da kulob. Mutum ya kalli gasar Masters, wadda ake yi a filin Augusta National na Amurka, a talabijin a watan Afrilu, ya zo yana son Augusta a nan. Ya manta cewa Augusta National a rufe take tun daga ƙarshen Mayu har Oktoba, babu mai taka ta duk tsawon zafi, kuma akwai injuna a ƙarƙashin girin ɗinta masu zuƙe ruwa su hura iska. Ni na fi son a tuna da Hoylake na Ingila a 2006, inda filin ya bushe ya yi ja, ƙwallo tana gudu a ƙasa har Tiger Woods ya ci gasar Open bai ɗauki direba, sandar da ta fi kai ƙwallo nesa, ba sai sau ɗaya. Ko filin Pinehurst mai lamba 2 na Amurka, da aka cire masa ciyawar gefe aka bar yashi da ciyawar daji kafin gasar US Open ta 2014. Babu wanda ya ce waɗannan filayen ba su da lafiya.

Kaka, bayan huda, aikin kwashe ganye ne da shuka iri a wuraren da suka yi sanƙo. A nan nake yawan kai ƙarar itatuwa. Girin da ba ya samun ranar safe da iska ba zai taɓa yin ƙarfi ba, ko me ka zuba masa, amma sare reshe ɗaya sai an yi zaman kwamiti.

Da hunturu mutane suna zaton muna hutu. A lokacin ne ake kwance injuna a wasa wuƙaƙe. Injin girin yanka yake irin na almakashi, muna gwada shi da takarda: idan ya yage ta maimakon ya yanke, haka zai yi wa ganye, bakinsa ya bushe ya yi fari. A lokacin ne kuma ake gyaran magudanai da gefen ramukan yashi da ruwan sama ya zaizaye. Sai kuma wata rigimar, ta safiyar da raɓa ta daskare. Ruwan da ke cikin ganyen ya zama ƙanƙara, takalmi ya hau ya farfasa shi. A take ba a ganin komai, sai bayan kwana biyu ko uku sawun ƙafa ya fito ruwan ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, daga bakin girin har rami. Saboda haka muke tsare mutane a ƙofa har rana ta narkar da ita, kuma girin da ke cikin inuwa shi ne ke yanke lokacin buɗewa, ba wanda ake hangowa daga tagar kulob ba.